Bazarar da Kwamfutar Abdulhamid Ta Riƙa Mutuwa

Ummi, Safiya, wannan babin naku ne ku biyu, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye a kicin da waya a ɗaya hannun ba. Shekara da shekaru kuna riƙe da labari guda a kaina, wai Mama ta ci mutuncin Baba a gaban baƙi saboda abin wasan yara. Ke Ummi kin taɓa faɗa min shi a fuskata. Ke kuwa Safiya ba ki taɓa faɗa ba, sai dai ki canza magana duk sanda aka zo kansa, kuma naki ya fi min ciwo. Ba kwa gidan a lokacin. Ummi tana ɗakin mijinta a wata jiha, Safiya tana makaranta ba ta dawo hutu ba. Daga bakin Baffanku Tanko kuka ji labarin, ta waya, kuma babu wadda ta kira ni ta ce, Mama me ya faru? To ga abin da ya faru. Mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ba zan ƙara masa ko kalma ɗaya a kan abin da ya yi ba. Amma ba zan rage ba.

Kun san hatsarin ɗan'uwanku Abdulhamid, amma kun san shi ne a asibiti, lokacin da ake ta zuwa da kuloli ana addu'a. Ba ku san watannin da suka biyo baya ba, bayan kowa ya koma harkarsa. Yana da shekara ashirin da shida, yana aikin kwamfuta a wani kamfani a Virginia nan Amurka, babbar mota ta markaɗe motarsa a kan babbar hanyar Beltway da safe yana hanyar ofis. Ƙafar hagu ta karye wuri uku, ƙugu ya tsage, jijiyar hannun dama ta taɓu har yatsu biyu suka daina jin maganarsa. Muka dawo da shi gidanmu na Lanham, muka sa shi a ɗakin ƙasa saboda shi ne mai ƙofa zuwa filin da ke bayan gidan ba tare da matakala ba. Kamfanin ya jira shi iya jiransa, daga baya ya ɗauki wani. Yarinyar da yake nema ta rage zuwa, sannan ta daina. Ni kaɗai nake sauka da abinci in hau da kwano, ni na san yawan abin da yake dawowa a cikin kwanon.

Abu ɗaya ya rage masa, wato kwamfutar wasan da ya haɗa da hannunsa tun kafin hatsarin. Baƙin akwati ne babba, gefensa ɗaya gilashi, cikinsa fitilu masu launi da fankoki suna juyawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko ni ma haushinta nake ji. Amma ina da kunne. Ina tsaye a kicin sai in jiyo shi ta ƙasan daɓe yana ihu yana dariya da Turanci, yana kiran sunayen mutane. Su biyar ne a ƙungiyarsu, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma kullum da la'asar suna tare. A cikin wasan nan babu wanda ya san yana jan ƙafa. Shi ne ma mai ba da umarni. Sun shiga wata gasa da za a yi a ƙarshen bazara, kuma saboda gasar ya riƙa matsa ƙwallon robar da likitan gashin ƙashi ya ba shi don yatsunsa, abin da na yi ta fama da shi a kai ya ƙi. Ni dai na ga abin da ke tayar da ɗana daga gado, na kama bakina.

Mahaifinku bai ga haka ba. Alhaji Bashir mutum ne mai tsari, injiniyan gadoji, wanda ko hoto zai kafa a bango sai ya ɗauko rula da fensir. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tambayar da ake yi masa a masallaci: yaya yaron, ya koma aiki? Ya daure da ita wata da watanni. Sai yayansa Tanko ya zo daga Kano don a yi masa aikin ido, ya sauka a gidanmu. Mako guda bai cika ba ya gama yanke wa gidan hukunci. Ina zuba musu shayi na ji shi yana cewa:

"Bashir, ƙaton namiji da gemunsa ya wuni a rami yana harbin aljanu a akwati, kai kuma kana sama kana kallo? Ƙafa ce ta karye, ba kai ba. Uwarsa ce take lalata shi, kai kuma ka zuba ido."

Na ce, "Yaya, likita ya ce a bi shi a hankali."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa mahaifinku, "Ka ji irinta ko."

Ba a yi kwana goma da wannan maganar ba kwamfutar ta fara ciwo. Zai kunna ta lafiya lau, ya shiga wasa, bayan kamar minti ashirin sai fankokin su ɗauki ƙara kamar janareto, hoto ya fara tsinkewa, sai ɗif, ta mutu. Idan ka taɓa saman akwatin kamar murfin tukunya. Ya jira ta huce ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Duk abin da ake iya yi daga zaune ya yi. Ya sabunta manhajojinta, ya rage wa hoton kyau don aikin ya yi mata sauƙi, ya matsar da labule, ya sa na kawo masa fankar tsaye aka saita ta a kanta. A banza. Abin da ya rage shi ne a sauke akwatin daga tebur a buɗe, shi kuwa ba ya iya ɗaga shi, yatsunsa ba sa riƙe sukundireba. Sau uku, a gabana, ya roƙi mahaifinsa.

"Baba, don Allah ka taya ni buɗe ta. Noti huɗu ne kawai."

"Bari in sami lokaci."

Haka ya ce duk sau ukun, da muryarsa mai sanyin nan. Ku riƙe wannan a ranku.

Mako uku aka yi a haka. Kwamfutar ta mutu a tsakiyar wasan share fage har sau biyu, ƙungiyar ta sha kashi saboda shi. Abokan suka ba shi haƙuri, suka ce za su sa wani a gurbinsa zuwa lokacin da zai gyara. Bai ga laifinsu ba. Laifin kansa ya gani. Ya daina matsa ƙwallon roba. Ranar Talata, ranar da nake kai shi gashin ƙashi, ya ce ba ya jin zuwa. Kwano ya koma dawowa yadda na kai shi. Wata safiya na same shi zaune a gaban baƙin allo, bai kunna fitilar ɗakin ba, ya ce min da Turanci, ni kuma zan faɗa muku da Hausa:

"Ni na haɗa ta, Mama. Wani abu na yi ba daidai ba tun farko. Ashe abin da nake ganin na iya ma ban iya ba."

A ranar na kwashe magungunan ciwonsa daga kan durowa na zuba a jakata, na riƙa ba shi ɗaya-ɗaya da hannuna. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Wannan ma Baffanku bai ba ku labarinsa ba, don bai sani ba. Bai taɓa sauka ɗakin ba ko sau ɗaya.

Ni ban san wasa ba, amma na san inji. Shekara ashirin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Beltsville, ni ke kula da firji masu daskarar da samfur da injinan da ba a so su yi zafi. Na san injin da ya kashe kansa ba lalacewa ya yi ba, kare kansa yake yi kada ya ƙone. Sai na ɗauki hutun ranar Juma'a. Na tashi da wuri na tuƙa tuwon shinkafa na haɗa miyar taushe, domin Alhaji ya ce zai dawo daga masallaci da baƙi. Na biya kanti na sayo gwangwanin iska da sifirit da ɗan man tokan nan da Abdulhamid ya rubuta min sunansa a takarda. Suna fita masallaci na ɗaura zani a kan doguwar rigata na sauka.

Na ce, "Kai ne ido, ni ce hannu. Faɗa min abin da zan yi."

Ya ce in bari, ba amfani. Na ce ban tambaye shi ko akwai amfani ba. Sai ya kunna ta ya buɗe wata manhaja mai nuna zafin cikinta. Tana zaune ba ta aikin komai tana kan digiri hamsin da wani abu, wanda ya ce ya yi yawa. Ya shiga wasa muka zuba wa lambar ido, tana hawa tamanin, tamanin da takwas, casa'in da biyar, sai ta mutu. Na ce madalla, yanzu mun ga ciwon da idonmu. Na zare filogi, na danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, na taɓa ƙarfen tebur kamar yadda ya ce don kada wutar jikina ta yi ɓarna. Na rungumi akwatin na fitar da shi filin da ke bayan gidan, shi kuma ya biyo ni da sandunansa ya zauna a kujerar roba. Rabonsa da fitowa rana ya fi mako biyu. Na kwance notin na cire gilashin. Akwai ƙura, amma ba ta kai ta kashe inji ba. Duk da haka na bi ko'ina da iska, ina dafe kowace fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza, na busa tsakanin siraran ƙarafan da ke shan zafi har suka yi fes. Muka koma ciki, muka rufe, muka kunna. Minti ashirin da biyu ta mutu.

Ya ce, "Kin gani ko."

Na ce, "Na ga ba ƙura ba ce. Sai me?"

Sai man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ƙarfen da ke zaune a kanta yana janye zafi. Ya ce idan man ya bushe zafi ba ya wucewa. Na kwance ƙarfen a hankali, na ɗan murɗa shi kafin in ɗaga. Tsohon man ya ɗan bushe a gefe. Na goge da sifirit da ƙyalle har wurin ya yi ƙyalli, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na mayar da ƙarfen, na ɗaure notin ɗaya nan ɗaya can a gicciye don ya zauna daidai. Ina yi yana gyara min, har ya manta ya fara ɗaga murya, "A'a Mama, ba da ƙarfi ba!" Daɗin wannan tsawar da na ji, Allah kaɗai Ya sani. Don sauri ba mu mayar da gilashin ba muka kunna. Lamba ta hau saba'in ta tsaya. Minti ashirin, minti arba'in, tana nan. Abdulhamid ya kalle ni, bakinsa yana so ya yi murmushi yana tsoro. Na ce alhamdulillahi, na mayar da gilashin na ɗaure. Ba a yi minti goma sha biyar ba lamba ta wuce casa'in, fankoki suka fara kururuwa. Ya kashe ta da kansa ya kifa kai a tebur.

Ni kuwa a lokacin ne hankalina ya kwanta. A buɗe lafiya, a rufe zafi. Duk wanda ya yi aiki da firji ya san ma'anar wannan: iska ce ba ta shiga. Na ce ya sake kunnawa. Na yago siririn tishu na riƙe a bayan akwatin inda iska mai zafi take fita, ya ɗan motsa kaɗan. Na kai shi gaba, wajen ramukan gefen murfi inda ya kamata a ce ana zuƙar iska. Tishun ya rataya kamar ba a kunna komai ba, alhali ta gilashi ina ganin fankokin gaba guda uku suna ta gudu.

Na ce, "Murfin gaban nan yana fita?"

Ya ce, "Ki sa hannu ta ƙasa ki ja. Amma babu komai a ciki sai rariyar tace ƙura."

Na ja, ya ɓalle. Tsakanin rariyar da fankokin akwai kwali. An yanka shi daidai wurin, ko tsinke ba zai wuce ta gefensa ba. An shafe fuskarsa da baƙin alƙalamin maka don kada a hango shi ta gilashi, an manne kusurwa huɗun da baƙin salatif. Na ɓanɓaro shi na juya bayansa. Layukan fensir ne a miƙe, an ja su da rula, da lambobin awo a gefe, tsawo da faɗi. Shekara talatin da huɗu ina ganin wannan rubutun a takardun gida da jerin cefane. Bakwai ɗinsa mai ɗan sanda a tsakiya. Ban yi saurin ɓoyewa ba, kuma ko na yi saurin ba zai yi amfani ba, Abdulhamid yana kusa da ni. Ya karɓa da hannun hagu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ranar Talata aka yi. Muna wajen gashi."

Can kuma ya ce, a hankali, da Hausa wannan karon, "Mama, ki bar shi."

A daidai lokacin na ji motsin ƙofar sama da muryoyin maza da ƙarar cokula. Ga wurin da kuke cewa na yi kuskure, don haka zan faɗa muku abin da ke raina. Na san akwai baƙi. Na san zan iya jira su tafi, in shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi magana ƙasa-ƙasa, kamar yadda na yi shekara talatin da huɗu a kan manya da ƙananan abubuwa. Na kuma san yadda za ta ƙare. Zai ce don amfaninsa ya yi, in yi kuka, a wayi gari kamar ba a yi ba, yaron kuma ya ci gaba da zama a ƙasa da sanin cewa an yi masa wannan kuma gidan ya haɗiye. Ya ce in bar shi ne don ya riga ya saba a bar komai. Na karɓi kwalin daga hannunsa na hau.

Su huɗu ne a tebur: mahaifinku, Baffanku, da abokan masallaci biyu, wani likita ɗan Katsina da wani dattijo mutumin Kumasi. Na yi sallama, na gaishe su yadda ya kamata, na ajiye kwalin kusa da farantin Alhaji, fuskar fensir a sama. Ya kalle shi. Loma tana hannunsa, ya mayar da ita.

Ya ce, "Rabi, muna da baƙi."

Na ce, "Na gan su, Alhaji. Ni na dafa musu. Rubutun wane ne wannan?"

Yaya Tanko ya matso da ido ɗayan da ba a rufe ba, ya gane, sai ya yi dariya.

"Au, wannan ne? Ai ni na ce masa ya san dabarar da zai yi. Gata aka yi wa yaron. Ke kuma Rabi, haka ake yi a gidanku, mace ta tsaya a kan maza suna cin abinci?"

Na ce, "Yaya, ba da kai nake ba tukuna." Na juya ga mahaifinku. "Sau uku ya roƙe ka ka buɗe masa. Sau uku ka ce sai ka sami lokaci. Ashe ka sami lokacin ɗauko rula. Ka sami lokacin shafa baƙi don kada ya gani. Ka bar gurgun ɗanka yana zaton shi ne bai iya ba, kana hawa kana sauka kana amsa gaisuwarsa."

Ya ce, "Don ya tashi na yi. Don ya fito cikin mutane."

"Ya fito? Mako uku, ka gan shi ya fito? Ka san rabonsa da cinye abinci? Ka san ya daina zuwa gashi?" Na zuge jakar da ke rataye a kujera, na fito da kwalaben maganin na jera su a kan tebur tsakanin kwanukan miya. "Mako biyu waɗannan suna yawo da ni har wurin aiki. Kai injiniya ne, ka auna min dalilin."

Likitan ya sunkuyar da kai, shi ya fara gane abin da nake nufi. Dattijon Kumasi ya ce, "Hajiya, haƙuri, haƙuri," yana neman hularsa. Mahaifinku ya kalli kwalaben, fuskarsa ta koma kamar toka. Yaya Tanko ya buɗe baki zai yi magana, sai na ce masa abin da kuka ji an ce na ce, kuma na faɗa ɗin, ban musa ba.

"Yanzu kuma kai, Yaya. Wata guda kana gidan nan, matakala goma sha biyu ce tsakaninka da shi, ba ka taɓa sauka ka ce masa sannu ba. Ba ka da bakin magana a kan ɗana."

Na kwashe magungunan na koma ƙasa. Na mayar da murfin gaba ba tare da kwali ba, muka kunna. Tishu ya manne a jikin ramukan. Lamba ta tsaya a sittin da takwas, a rufe, har aka kira la'asar a wayarsa. Babu wanda ya yi murna a cikinmu.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Washegari Baffanku ya haɗa kayansa ya koma gidan wani abokinsa, daga can ya kira Kano, ya kira ku. Dangin mahaifinku suka yi ta kirana ɗaya bayan ɗaya, har wata gwaggonku da ban taɓa yi wa musu ba ta ce Amurka ta cinye min tarbiyya. Matan da muke zuwa walima tare suka riƙa gaishe ni daga nesa. Ke Ummi kin yi wata huɗu ba ki kira ni ba, kina ɗauke da cikin fari, sai a bakin mutane nake jin lafiyarki. Wannan ban yafe shi da wuri ba, gara ki sani. Ni da mahaifinku muka yi kusan shekara babu abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sannu da zuwa. Ya daina zuwa wancan masallacin ya koma wani mai nisa. Na san na jawo masa wannan, kuma na ga yadda ya rame. Idan akwai abin da nake jin nauyinsa, to bayin Allah biyun nan ne da suka zo cin tuwo suka tashi da yunwa. Su na aika musu da ban haƙuri. Ban aika wa kowa ba bayan su.

Abdulhamid bai koma ƙungiyar ba, sun riga sun yi nisa da wanda suka ɗauka. Amma ya koma gashi ranar Talata, ya ce in mayar masa da magungunansa, na mayar. Bayan wata takwas ya sami aikin da ake yi daga gida, ya kama ɗaki a wani dogon bene mai lif a Alexandria. Ya fita daga gidan bai yi wa mahaifinsa sallama ba. Shekara biyu ba su yi magana ba. Ranar Sallah zai kira wayata, in ce bari in miƙa wa mahaifinku, ya ce a'a. Kada ku ɗauka na ji daɗin hakan. Ni ce a tsakiya, kuma akwai ranakun da na tambayi kaina ko da na bi maganarsa na bar shi ɗin da ba a kai nan ba. Amsar da nake samu kullum ita ce, ba ni na raba su ba. Ni dai na ƙi rufewa ne.

Wata Asabar da safe, lokacin idon mahaifinku ya fara rauni ya daina hawa babbar hanya, ya tsaya a ƙofar kicin sanye da farar shaddarsa da hula. Ya ce:

"Rabi, ki kai ni Alexandria."

Na kashe murhu na ɗauko makulli. Muka kama hanya muka haye gada. Da na tsaya a gindin benen ya ce in zo mu hau tare. Na ce a'a, ba tare muka yanka kwalin ba. Ya tsaya jim yana riƙe da ƙofar mota, sannan ya rufe ya shiga shi kaɗai. Na zauna a motar awa ɗaya da rabi. Da ya fito, hular tana hannunsa, idanunsa jajur. Ya shiga ya zauna ya kasa ɗaura bel, sai da na miƙa hannu na ɗaura masa.

Na ce, "Ka faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Da bakinka? Ba don amfaninka na yi ba, ba Yaya ne ya ce ba?"

Ya ce, "Na ce masa na zalunce shi."

Na tayar da mota. Sauran abin da suka faɗa wa juna a sama ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Ɗan'uwanku yana nan da ransa, lambarsa tana wayoyinku. Ku kira shi.